Tsintuwa Amana Ce

Magana ga sababbin masu bi, da masu neman sanin hanyar Almasihu

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa sauka a garin da ba ka san kowa ba, ka sa hannu a aljihu ka ji wayam? Ko kuwa motar da ta kawo ka ta tashi, har ƙurarta ta kwanta, sa'an nan ka tuna ƙunshinka yana ƙarƙashin kujera? Idan wannan ya taɓa samunka, ba sai an gaya maka yadda gaba ya kan faɗi ba. Guzuri ya tafi, kuɗin komawa gida sun tafi, watakila har da saƙon da wani ya danƙa maka ka kai wa iyalinsa. A sa'an nan dabara ta ƙare maka. Al'amarinka duka ya koma hannun mutum ɗaya wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, watau wanda ya tsinci kayan. In mai tsoron Allah ne, ka yi arziki. In ba haka ba, sai ka koma gida da baƙin ciki.

Mutum biyu ke nan, mai hasara da mai tsintuwa. Duk mai yawan tafiya zai zama ɗaya daga cikinsu, yau wannan, gobe wancan. Tun da ka fara bin Ubangiji Yesu, ko kuwa kana tambaya a kan hanyarsa, ya kamata ka san abin da yake so ka yi a ranakun nan biyu. Kada ka ce ƙaramin abu ne, gama a irin waɗannan ƙananan abubuwa a kan gane ko tuban mutum ya tsaya a baki, ko kuwa ya kai zuciya.

1. Ba a tafiya sai da amana

Fataken dā sun san wannan sarai. Sa'ad da ayari ya tashi daga Kano zuwa Gwanja garin sayo goro, a kan yi watanni a hanya, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, madugu yana jagora. In an kai gari, baƙo ya kan sauka a gidan mutumin da ba danginsa ba ne, ya ajiye dukiyarsa a ɗakinsa, ya fita kasuwa hankali kwance. Da ba don amana ba, da fatauci bai ɗore ba ko shekara ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekara ta 1911, daga baya motoci suka cika ƙasa, har yanzu mutum ya kan karya kumallo a Jos ya ci tuwon dare a Kano. Tafiya ta yi sauƙi, amma gaggawa ta ƙara yawan mantuwa, kuma bukatar amana tana nan yadda take. Kana miƙa wa yaron mota jakarka ya ɗaura a baya. Kana ɗora wa ɗan dako buhunka ya shige gabanka cikin cunkoso. Kana ce wa wanda ke zaune kusa da kai a tasha, "Malam, duba mini kayan nan, ina zuwa," alhali ko sunansa ba ka tambaya ba.

Saboda haka ne mutanen ƙasarmu suka san cigiya tun dā. Wanda ya tsinci abu ya kan kai wa mai unguwa ko sarkin kasuwa, a yi shela, mai shi ya zo ya faɗi kamannin abinsa ya karɓa. A zamaninmu gidajen rediyo suna yin wannan aiki. Al'ada ce mai kyau, kuma Maganar Allah ta tabbatar da ita.

2. Abin da Allah ya umarta

Buɗe Littafi Mai Tsarki a Kubawar Shari'a, sura 22. A can Allah ya umarci jama'arsa ta bakin Musa, idan mutum ya ga san ɗan'uwansa ko tunkiyarsa ta yi makuwa, kada ya kau da kai kamar bai gani ba, sai ya koro ta ya kai masa. Idan mai dabbar yana nesa, ko ba a san shi ba, sai mai tsintuwa ya kai ta gidansa ya kula da ita har ran da mai ita ya zo nema. Dokar ta haɗa da jaki, da riga, da kowane irin abin da zai iya ɓace wa mutum. Ka lura, Allah bai tsaya ga hana cin tsintuwa ba. Ya hana ka wuce ta ma. Da idonka ya faɗa a kanta, ka zama mai tsaronta.

Za ka ce, wannan tsakanin 'yan'uwa ne. To, duba Fitowa, sura 23. A can an ce ko san maƙiyinka ne ko jakinsa ka gamu da shi ya ɓace, wajibi ne ka mayar masa. Ashe ba a tambayar kabilar mai kaya, ko addininsa, ko yadda kuke da shi.

A Littafin Firistoci kuma, sura 6, an jera wanda ya tsinci abu ya yi ƙarya a kansa tare da wanda ya ci amanar ajiya, da ɗan ƙwace, da mai zalunci. An ce dukansu Ubangiji suka yi wa laifi. Hukuncinsu shi ne su mayar da abin cif, su ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sa'an nan su kawo hadaya. Watau wanda ya ci tsintuwar awaki 5, awaki 6 zai biya. Mu masu bi ba mu yanka rago domin laifi, gama Almasihu ya ba da kansa hadaya sau ɗaya domin zunubanmu. Amma Allah mai ƙin cin haƙƙin mutum bai sāke ba. Ubangiji Yesu ya koya mana mu yi wa mutane abin da muke so su yi mana. Ka tuna da ranar da kayanka ya ɓace, da irin mutumin da ka roƙi Allah ya sa ya tsinta. To, ka zama wannan mutum.

3. Uzurin da zuciya ta kan kawo

Zuciyar ɗan adam gwanar kawo uzuri ce, Shaiɗan kuwa ba ya rasa abin raɗa mata. Ga waɗansu daga cikin maganganun da za ka ji a cikinka ran da ka ɗaga jakar da ba taka ba.

"Ai ban sata ba, tsinta na yi." Gaskiya ne, ɗagawa ba sata ba ce. Amma daga sa'ad da ka ƙudura a ranka ba za ka nemi mai ita ba, me ya raba ka da ɓarawo? Shi ya ɗauki kaya mai shi yana barci, kai ka riƙe kaya mai shi yana kuka.

"Na yi addu'a ina cikin matsi, ga shi Allah ya amsa. Tsuntsu daga sama gasasshe." Wannan uzuri ya fi sauran hatsari, domin ya sa rigar ibada. Allah ba ya share hawayenka da hawayen wani. Tuna da Yakubu a zamanin yunwa. 'Ya'yansa suka sayo hatsi a Masar, da suka kwance buhuna sai ga kuɗin kowa a bakin buhunsa. Babu abinci a ƙasar Kan'ana, gidan kuwa cike da bakunan ci. Duk da haka, da za su koma, tsohon ya sa suka riƙe kuɗi ninki biyu, suka haɗa da waɗanda suka tarar, gama ya ce mai yiwuwa kuskure aka yi. Da isarsu, tun a bakin ƙofa suka bayyana wa wakilin gidan Yusufu. Labarin yana cikin Farawa, sura 42 da 43. Mai yiwuwa abin da ka tsinta gwaji ne gare ka. Mai yiwuwa kuma mai hasara ne ya yi addu'a, Allah ya amsa masa ta wurin sa kayansa a hannun mai bi.

"Mai wannan kaya mawadaci ne, ba zai ji ba." Ina ka sani? Mutane da yawa suna tafiya da kuɗi masu yawa waɗanda ba nasu ba ne. Wani yaron ɗan kasuwa ne aka aika, in kuɗin suka salwanta kurkuku ke jiransa. Wata kwasar adashi ce ta ɗauka za ta kai ɗanta asibiti. Wani kuma amfanin gonarsa na shekara guda ya sayar. Ko da ma mawadacin ne, doka ta takwas cikin Dokoki Goma ba ta ware dukiyar mawadata ba.

"Ba wanda ya gan ni." Haka Akan ya zata sa'ad da ya binne riga da azurfa da zinariya a cikin alfarwarsa bayan faɗuwar Yariko, sai ga laifinsa ya jawo wa jama'a duka masifa. Allahn da ka ba da gaskiya gare shi yana gani a cikin duhun mota kamar yadda yake gani a cikin majami'a. Hausawa ma sun ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ko ranar nan ba ta zo a duniya ba, za ta zo a gaban kursiyin shari'a.

"Zan fitar da ushiri in kai majami'a." Allah ba abokin tarayyar ɓarawo ba ne. Yesu ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da ƙara a kanka, ka fara zuwa ka shirya da shi tukuna. Ikkilisiya ta gwammace hannunka wofi da zuciya mai tsabta.

"In na mayar za a ce mini wawa, ko ma a ce na rage wani abu." Wannan tsoro yana da dalili, gama akwai masu butulci. Maganar wauta, ka bar ta. An kira Ubangijinka da sunayen da suka fi wannan muni. Maganar zargi kuwa, akwai hanyar tsare kai, ga ta nan.

4. Yadda za ka yi da tsintuwa

Da fari, kada ka ɓuya da ita. Nan take ka kira shaida, mutum ɗaya ko biyu masu mutunci, a buɗe a gabansu, a ƙirga, a rubuta abin da ke ciki.

Na biyu, ka nemi alamar mai ita. In akwai takarda mai suna ko lambar waya, ka kira. In wayar hannu ce, kada ka kashe ta, gama mai ita zai kira. In katin banki ne, ka kai bankin da sunansa ke jiki.

Na uku, in babu alama, ka sanar da shugabannin tasha, ko sarkin kasuwa, ko mai unguwa, ko ofishin 'yan sanda, ko gidan rediyo. In ka danƙa wa wani, ka yi a gaban shaidunka, ka karɓi takarda.

Na huɗu, a wajen cigiya kada a faɗi dukan kamannin abin. A bar mai nema ya faɗi launin jaka da abin da ke ciki, domin kada maƙaryaci ya karɓe haƙƙin wani.

Na biyar, kada ka taɓa ko kwabo da nufin za ka cika daga baya. Ta wannan ƙofa mutane da yawa suka faɗi.

Na shida, kada ka yi cinikin tukwici. In mai kaya ya ba ka goro da daɗin rai, ka karɓa da godiya. In bai ba ka ba, ba ka yi hasarar kome ba, gama ba don shi ka yi ba. In kuwa an daɗe ƙwarai ba a sami mai shi ba, kada ka yanke wa kanka hukunci, ka kai maganar gaban dattawan ikkilisiya da hukuma.

5. Gaskiyar baƙo

Wani sabon mai bi ya kan zaci gaskiya ta ƙare a wajen 'yan majami'arsu. Wannan girman kai ne, kuma tafiya ta kan warkar da shi. Sa'ad da Yesu ya ba da misalin mutumin da 'yan fashi suka tuɓe a hanyar Urushalima zuwa Yariko, firist ya wuce, Balawe ya wuce, wanda ya tsaya Basamariye ne, mutumin kabilar da Yahudawa ba su ko cuɗanya da ita. Shi ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya mai masauki dinari 2 daga aljihunsa. Manzo Bulus kuma, da hadiri ya farfasa jirginsu a teku, an riga an zubar da kaya duka har da alkama, mutum 276 suka fita gaɓar tsibirin Malita ba su da kome. Mutanen tsibirin ba su taɓa jin bishara ba, amma suka hura musu wuta saboda ruwan sama da sanyi, suka karɓe su wata 3, da za su tashi kuma suka yi musu guzuri. Wannan yana cikin Ayyukan Manzanni, sura 27 da 28.

Irin wannan bai ƙare ba. A shekara ta 2023, a birnin Kano, wani ɗan kasuwa daga ƙasar Chadi ya manta da kuɗi kimanin naira miliyan 15 a cikin keke mai ƙafa uku. Saurayin da ke tuƙa keken, Musulmi ne, talaka, ya ji cigiya a rediyo, ya kai kuɗin. Malaman Musulunci ma suna koyar da a yi cigiyar tsintuwa mai daraja har shekara guda.

A shekara ta 2019 kuma waɗansu masana suka buga sakamakon wani gwaji. Sun kai alabe fiye da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40, suna miƙa wa ma'aikata a bankuna da masaukai da gidajen waya da makamantansu, suna cewa tsinta suka yi. A cikin kowane alabe akwai kati mai sunan mai shi da hanyar aika masa saƙo. Waɗansu babu kuɗi a ciki, waɗansu da 'yan kuɗi. Kowa zai zaci masu kuɗin ne za su salwanta. Sai ga shi, cikin kowane 100 marasa kuɗi an nemi masu 40, cikin masu kuɗi kuwa an nemi masu 51. Da aka ƙara yawan kuɗin a ƙasashe 3, sai adadin ya kai 72. Masanan suka ce dalili ɗaya shi ne, mutum ba ya so ya dubi kansa ya ga ɓarawo.

Mai karanta Littafi ba zai yi mamaki ba. Bulus ya rubuta wa Romawa, a sura 2, cewa al'umman da ba a ba su Attaura ba su kan yi abin da ta umarta, domin Allah ya rubuta aikinta a zukatansu, lamirinsu kuwa yana ba da shaida. Duk inda ka gamu da mai gaskiya, ka gamu da aikin hannun Mahalicci, sai ka gode masa. Amma ka duba ɗaya gefen lissafin: kusan rabin alabobin nan ba a nemi masu su ba. Lamiri fitila ce, amma iskar kwaɗayi ta kan kashe ta. Mai gaskiya a kan kuɗi ma yana da waɗansu zunubai da ke bukatar gafara, don haka mayar da tsintuwa ba ya sayen ceto, ko gare shi ko gare ka. Abin da ya kamata ka ɗauka shi ne wannan: idan wanda bai san Almasihu kamar yadda ka san shi ba ya yi haka, ina uzurinka, kai da aka ba Ruhu Mai Tsarki? Maƙwabtanka da yawa ba za su taɓa buɗe Linjila ba. Halinka za su karanta. In aka kama mai bi da tsintuwa a ɗaki, ba sunansa kaɗai za a zaga ba.

6. Idan kai ne mai hasara

Neman abinka ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus ya bar mayafinsa a Taruwasa wurin Karbus, da ya ga sanyi na gabatowa ya rubuta wa Timoti ya taho masa da shi, da littattafansa kuma. Saboda haka ka koma tasha, ka faɗi irin motar da lokacin da ka sauka, ka yi cigiya, ka sanar da hukuma, ka kuma roƙi Allah wanda ya san inda kowane abu yake.

Amma akwai ramummuka uku a gaban mai hasara. Na fari, gidan boka da mai duba. 'Yan'uwanka na dā za su ce, "Zo mu je a buga ƙasa, a gano wanda ya ɗauka." Kada ka je. Ka riga ka rabu da waɗannan ran da ka karɓi Yesu, kuma Allah ya haramta duba. Boka zai ci kuɗinka, ya ƙara maka hasara a kan hasara, sa'an nan ya nuna maka wani maƙwabci ko wata kishiya, gaba ta shiga gida har jikoki.

Na biyu, zato da ƙazafi. Kada ka nuna yaron mota ko wanda ya zauna kusa da kai don kawai tufafinsa sun tsufa, ko harshensa dabam ne da naka. Ka kiyayi ihun "Ɓarawo!" a cikin taro in ba ka gani da idonka ba. An sha kashe marasa laifi a kasuwa da tasha saboda kalman nan ɗaya, jaka kuwa ba ta kai ran mutum ba. Sau nawa a kan zargi bawan Allah da safe, da yamma a sami abin a aljihun wata riga?

Na uku, ɗacin rai. In kayan bai dawo ba, kada ka la'anci wanda ya riƙe, ka yi masa addu'a, gama halinsa ya fi naka ban tausayi: kai ka rasa kaya, shi yana cinikin ransa. Ayuba ya rasa shanu da jakuna da tumaki da raƙuma a yini ɗaya, bai zagi Allah ba. Ka gaya wa 'yan'uwa cikin ikkilisiya, gama wajibinsu ne su ɗauki nauyin juna. Dukiyarka ta ainihi tana inda ɓarawo ba ya kaiwa.

In kuwa Allah ya sa aka dawo maka da abinka, kada ka zama kamar kutare 9 da aka warkar ba su komo godiya ba. Ka gode wa Allah, ka gode wa mutumin, ka yi masa alheri gwargwadon ƙarfinka, ka ba da labarin gaskiyarsa a cikin mutane ko shi ba mai bi ba ne. Gaba kuma ka yi hattara: ka ƙirga ƙunshinka wajen hawa da wajen sauka, ka sa suna da lambar waya a cikin jaka, kada ka tara kuɗinka duka wuri ɗaya. Rigakafi ya fi magani, kuma sakaci ya kan sa raunana cikin jaraba.

7. Tsohuwar tsintuwa

Mai yiwuwa kana karanta wannan zuciyarka tana tuna maka da wani abu: bargon da wani fasinja ya bari, ko kuɗin da mai shago ya ƙara maka bisa kuskure, ko akuyar da ta shigo garkenka shekarun baya. Kana cewa, "Wannan kafin in tuba ne, an gafarta." Hakika jinin Yesu yana wanke kowane zunubi. Amma ka dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Ran da Ubangiji ya sauka a gidansa, ba wanda ya tilasta shi, ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. A ranar Yesu ya shaida ceto ya shigo gidan. Mayarwa ba ita ta cece shi ba, ita ce ta nuna an cece shi.

To, in ka san mai abin, tashi ka kai masa, ko darajarsa in abin ya ƙare. In ya rasu, ka kai wa magadansa. In ba ka da ƙarfin biya gaba ɗaya, ka je ka faɗi gaskiya, ka riƙa biya kaɗan kaɗan. In ba ka san shi ba kuma babu hanyar samunsa, ka shawarci mai bishara ko dattawa, a ba matalauta. Akwai kunya a ciki, ba shakka, amma kunyar yini ɗaya ta fi nauyin shekaru sauƙi. Da yawa sun sami ƙofar yin shaidar Almasihu ta wurin tambayar da mai kaya ya yi musu, "Me ya sa ka dawo da shi bayan na manta?"

8. Wanda ya zo cigiyarka

Saura magana ɗaya, ita ce tushen sauran duka. A Luka, sura 15, Ubangiji ya ba da misalin makiyayi mai tumaki 100 wanda ya bar 99 ya bi sawun ɗaya, da mace mai tsabar azurfa 10 wadda ta kunna fitila ta share ɗaki saboda ɗaya, da uban da ɗansa ya tafi ƙasa mai nisa. Dukansu da suka sami abin da suka rasa, sai murna. Ya mai karatu, kai ne abin da ya ɓace. Allah ya yi ka, nasa ne kai, zunubi ya yar da kai a hanya, Shaiɗan ya tsince ka ya ce ya sami rabo. Sai Ɗan Allah ya sauko da kansa yana cigiyarka, bai kuwa karɓe ka kyauta ba, da ransa ya fanshe ka a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. Wanda ya san daɗin a same shi, yaya zai hana wani daɗin samun abinsa?

In har yanzu ba ka amsa kiransa ba, ka sani akwai babbar tsintuwa a hannunka, watau ranka. Ba naka ba ne, Mai shi yana nema. Ka mayar masa yau. In kana so, ka durƙusa ka yi wannan addu'a:

Ya Allah Uba, kai da kake ganin abin da ke ɓoye, na gode maka da ka neme ni sa'ad da na ɓace. Ka gafarta mini kwaɗayina da duk haƙƙin mutane da na riƙe, ka ba ni ƙarfin hali in mayar. Ka tsare hannuna a hanya da kasuwa, ka tsare bakina daga ƙazafi ran da na yi hasara. Ka sa wa baƙin da suka yi mini gaskiya albarka, ka bayyana musu Ɗanka. Ka mai da ni amintacce cikin ƙaramin abu da babba. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

In ka gama karanta wannan takarda, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba, sa'an nan ka miƙa ta ga wani matafiyi.